Tsohon da Ba Ya Wuce Saba'in

A wani gidan mai na garin Laingsburg wani tsoho yana goge madubin motarsa da hula. Motar gida ce sukutum, da gado da murhu da labule. Ya sa gajeren wando, ya soke mataji a cikin doguwar safa, alhali kansa ko silin gashi babu.

Wani direban tirela da ya sha binsa a baya ya sauko yana huci, ya kira shi Oom, wato Kawu. "Haba Oom, gawa ka ɗauko ne?"

"Kilomita saba'in a awa, ɗana. Ka wuce haka, iska ce ke shanye maka mai."

Sai wayar tsohon ta yi ƙara. "Ina hanya, Elmarie. Na ji, ɗakin yana da taga. Makullin motar ma zan ba ki."

Da alama 'yarsa ce. Ta samo masa ɗaki a gidan tsofaffi, motar kuma ta samu mai saye.

Ya daɗe yana kallon allon da ke nuna hanyar Cape Town, inda 'yar ke jiransa.

"An ce a sittin ma," ya ce wa mai zuba man, "ta fi rage shan mai."