Hoton Falmata a Bango

"Ɗana, kashe na'urar nan," in ji Mama Saratu.

Muna tsakiyar taron kwamitin sa ido na cibiyar bincikenmu mai zaman kanta a unguwar Jiddari Polo, ƙarshen shekarun tamanin. Ni ke haska hotunan wani bincike kan ciwon fata. A bango ga yarinya ba riga, jiki duk ƙuraje, fuska a fili. Falmata ce, 'yar maƙwabcinmu a unguwar Mafoni.

Mama Saratu, tsohuwar nas 'yar Biu da ke cikin kwamitin, ta dubi shugaban binciken.

"Likita, iyayenta sun san za a nuna ta haka?"

"Ai don ilimi ne, Mama."

"To, kawo hoton taka 'yar mu ƙaru."

Ni kuwa ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

A wannan ranar kwamiti ya hana nuna hoton kowa sai da yardarsa ko ta iyayensa. Amma na daɗe ina sauya hanya don kada in haɗa ido da baban Falmata.

Masu ɗaukar marasa lafiya hoto da waya, kuna tambayarsu kuwa?