Hannun da Ya Tsallake Kududdufi

Mai Aski ya yi rayuwarsa a wani ɗan shago mai kujera biyu da madubi ɗaya da ya tsage daga kusurwa. Yana yaro aka kai shi koyon sana'ar, kuma da hagu ya fara ɗaukar aska. Ubangidansa ya ce babu mai hankalin da zai miƙa wa bahago wuyansa, don haka duk lokacin da hagun ta miƙe sai ya ƙwala mata bayan mataji, har ta daina miƙewa. Mai Aski ya girma ya manta da zancen. Ido ne ya raba shi da almakashi: ya fara ganin gashi biyu inda guda yake, 'ya'yansa suka taru suka ce ya huta haka nan.

Hutun bai karɓe shi ba. Mutumin da ya saba kullum akwai kai a gabansa, da kunnuwan da ba su da wurin gudu, sai ga shi a tsakar gida yana ba matarsa labarin da ta riga ta haddace. Ana cikin haka Sajan, wani tsohon soja da ya daɗe yana aski a wurinsa, ya zo da magana. Ya ce su huɗu ne suke buga golf kowace Asabar da safe a ɗan filin bayan makaranta, gwiwa ta kwantar da na huɗunsu, suna neman cikon mutum. Kafin Mai Aski ya tambayi mene ne golf, matarsa ta riga ta fito masa da takalmi.

Filin ba wani babba ba ne. An matse shi tsakanin katangar makaranta da bayan gidajen unguwa, ramuka tara, kowane da 'yar tutarsa. Da sanda ake bugun ɗan farin ƙwallo har ya faɗa rami, sannan a wuce na gaba. Daga ƙofa kana hango ƙarshen filin. Mai Aski ya dube shi ya ce wannan ai kafin shayi ya huce an gama. Hedimasta da Direba, sauran abokan wasan, suka kalli juna.

Da farko dokokin ne suka ruɗa shi. An ce wanda ya fi kowa ƙarancin bugu shi ne gwani, shi kuwa bai taɓa jin aikin da ake yabon wanda ya fi yin kaɗan ba. An ce idan wani zai buga, kowa ya yi shiru, alhali shi hira ya fito nema. An ba shi aron jakar sanduna, duk kusan kama ɗaya, aka ce kowace da aikinta. Ya ce shi da almakashi ɗaya ya aurar da 'ya'yansa.

Sai kuma bugun kansa. Sajan ya ce kada ya ɗaga kai. Hedimasta ya ce ya lanƙwasa gwiwa, ya saki kafaɗa, ya riƙe sandar kamar ya riƙe ɗan tsako. Direba ya ce ya watsar da duk wannan, kada ya yi tunanin komai. Mai Aski yakan tsaya a kan ƙwallon yana ƙoƙarin tuna abin da aka ce ya manta, ya ɗaga sanda ya sauke, ƙasa ta tashi, ƙwallon na nan inda yake. In kuwa ya same shi, sai ya tafi kamar abin kirki, a tsakiyar hanya ya canza shawara ya karkata dama. A dama akwai gidan wata mata mai wanki da guga, wadda igiyoyin shanyarta suka jeru a jikin wayar shingen filin. Ta san shi har ta fara gaishe shi da tambayar iyali kafin ta jefo masa ƙwallonsa.

Babban abin shi ne rami na biyar. Tsakanin wurin bugu da tuta akwai kududdufi, ba shi da faɗi, sai wata tsohuwar bishiya a bakinsa ta hannun dama. Sauran ukun sukan tsallake shi suna hira. Ƙwallon Mai Aski kuwa ko ya faɗa ruwa, ko ya nufi bishiyar. Masu jiran layi a bayansu sukan zauna a kan jakunkunansu, wasu har su cire hula su yi fifita. Shi dai bai gane ba. Hannun nan ya yi aski a gefen kunnen jarirai bai taɓa kuskure ba, yanzu ya kasa samun abu fari da ke zaune ba ya motsi.

Duk da haka ya fara jiran Asabar tun daga Laraba. Tsakanin rami da rami ana tafiya, kuma a tafiyar an yarda a yi magana. A nan yake jin wa ya yi rashin lafiya, wa ya sayar da mota, shi ma ya zazzage nasa.

Wata rana mai kula da filin ya ja Sajan gefe ya yi masa ƙorafi cewa ayarinsu na tare wa mutane hanya. Da aka tashi, Sajan ya rako Mai Aski har ƙofa yana ta gyaran murya.

"Ɗan'uwa, ba don ba ma son ka ba," in ji shi. "Mai kemis ya daɗe yana neman wurin nan. Asabar mai zuwa, in ƙwallonka bai tsallake ruwan nan ba, sai dai ka yi haƙuri."

Mai Aski ya ce babu komai. Ya koma gida ya yini bai ba kowa labari ba, har matarsa ta taɓa goshinsa ta ji ko zazzaɓi ne.

Ranar Asabar ya isa rami na biyar da shawarwarin mutum uku cunkushe a kansa. Ya buga. Ƙwallon ya yi abin da ya saba, ya gangara dama ya je ya lafe a gindin bishiyar, kuma kututturen ya tsaya daidai inda ya kamata mai bugu ya tsaya. Sajan ya ce a hankali ya ɗauke shi kawai su wuce. Mai Aski ya zagaya bishiyar ya rasa wurin sa ƙafa. Tunda dai an riga an gama da shi, sai ya koma ɗaya gefen, ya juya kan sandar ƙasa, ya sheme ƙwallon ta hagu don ya huce haushi.

Ƙwallon ya tashi sak, ya wuce saman ruwan, ya sauka kusa da tuta ya ɗan gangara.

Direba ya tambayi abin da ya yi. Hedimasta ya fara bayani a kan kafaɗa, ya tsaya a tsakiya. Sajan ya ajiye masa wani ƙwallon ya ce ya sake, ya sake, wannan ma ya tsallake. Mai Aski ya tsaya yana kallon hannunsa kamar na aro ne.

Mai kula da filin ya tono masa wata sandar bahagwai guda ɗaya a ɗakin ajiya, mai tsatsa a wuya, wadda wani ya bari tun tuni. Sajan ya ce mai kemis ya ci gaba da jira.

A gida ya kwashe labarin ya faɗa wa matarsa, yana jiran ta yi mamaki. Ko ɗagowa ba ta yi daga tsintar shinkafarta ba.

"Baban yara, kai da ko ƙuda za ka kora da hagu kake kora? Sakatar ƙofar nan ma da wane hannu kake zare ta?"

Ya ce to me ya hana ta faɗa masa. Ta ce ita ina ta san mutum zai iya rasa sanin hannunsa.

Da ta shiga ɗaki, ya ɗauko tsohon almakashinsa ya sa a hagu, ya gwada a kan wani tsumma. Almakashin ya tauna tsumman ya ƙi yanka. Ya mayar dama, ya yanka tsaf. Ya daɗe zaune da hannuwan biyu a kan gwiwa, yana duban wannan yana duban wancan, bai san wanne zai yi wa faɗa ba.

Har yanzu yana zuwa kowace Asabar, da sanda ɗaya a kafaɗa ba jaka. Kududdufin ya daina cin ƙwallonsa. Yanzu kuma hagu ƙwallon yake karkata, wajen katangar makaranta, kuma Hedimasta ya ce yana da shawara a kan haka. Mai wanki ta aiko tana tambaya ko lafiya aka daina ganinsa.