Tayin Liyari

Shekarar da aka canja kuɗi, fam da sule suka tafi, naira da kobo suka zo, ina ɗan shekara goma sha uku a unguwar Jekadafari, kuma a lokacin ne cutar tara tsofaffin kuɗi ta kama ni. Inna ce ta sa mata suna cuta. In tana shara ta ci karo da gwangwanin madarata cike da aninai da taro da sisi, sai ta ɗaga ta girgiza, ta ce ita dai ta haifi mai gadin kuɗin da ko ƙosai ba za su saya ba. Ni kuwa in kumbura, in kwashe kayana in koma zaure.

Masu sayar da irin waɗannan kuɗi 'yan koli ne a tsohuwar kasuwa, su uku a layi ɗaya, suna baza su a faranti kusa da maɓallai da allurai da kwalli. Ba don irina suke ajiye su ba. Kafintoci ne ke sayen aninai masu huji, su sa a ƙarƙashin ƙusa in suna buga kwanon rufi, kuma a shekarun nan kuɗi ya shigo gari, kowa na rufa ɗakinsa da kwano. Matan Fulani na zaɓar farare su rataya a kitso. Maƙera kuma suna kwashe na azurfa su narka, su yi zobe da awarwaro. Ni kaɗai ne nake saye don in zauna in yi ta kallo.

Biyu daga cikin 'yan kolin ban ji daɗinsu ba. Ɗaya ma ya taɓa sayar mini da maɓallin rigar soja da aka fige wa kunne, ya ce kuɗin Turkawa ne. Da na gane na koma na tara masa jama'a, har aka riƙe ni. Ina cikin hucin nan ne na ukun ya yafito ni. Tsoho ne Bakatsine, siriri, idonsa ya fara rauni, kowa Baba yake ce masa. Ya ce in zauna in sha ruwa, ya miƙo mini wani kwabo ya ce in karanta masa rubutun boko da ke jiki. Daga ranar yake kirana Alhaji, don tsokana, ni da ko takalmin kirki ba ni da shi.

Shi ya koya mini ciniki. Ya ce kada in fara ɗaukar abin da nake so, in taɓa biyu uku tukuna. In daina haɗiyar yawu a gaban kaya. In an ce mini albarka, wato tayina bai kai ba, ba zagina aka yi ba, don haka in daina tsuke fuska. In zan tafi in tafi a hankali, yadda mai kaya zai samu damar kirana. Nakan bi tsofaffin unguwarmu in karɓi aninan da suka rage musu a ƙasan tukunya, in kawo masa, mu yi musaya. Goma sukan samo mini sule ɗaya mai hoton bishiya, amma sai mun yi ta ja kamar saniya ake sayarwa.

Wata Asabar da hantsi ya kwance wani tsumma ya nuna mini liyari. Tsohon kuɗin azurfa ne, faffaɗa, mai nauyi, gefe ɗaya kan wata mace mai ƙiba, ɗaya gefen tsuntsu mai kai biyu. Duk darasin da aka koya mini ya gudu. Na riƙe shi, na tambayi kuɗinsa. Ya ce naira uku. Abin da ke aljihuna kobo talatin ne, na runtse ido na taya haka. Baba ya yi dariya har da tari, ya ce albarka, ya naɗe shi a tsumman ya cusa a aljihun gaba, bai mayar da shi faranti ba.

Daga nan kowace Asabar ina rumfarsa. In ƙara kobo biyar, shi ma ya rage biyar, kuma kafin a kai ga wannan sai mun cinye rabin hantsi. Ya aika a sayo dafaffen rogo da ƙuli, mu ci a takarda ɗaya. Ya ce liyarin nan ya ƙetare hamada a wuyan raƙumi. Mako na gaba ya ce na wata amaryar Fulani ne daga bakin kogin Gongola. In ce masa ai makon jiya raƙumi ne, ya ce to ita amaryar a ƙasa ta zo? Ni kuma in kushe kayan iyakar ƙarfina, in ce matar da ke jiki hancinta ya goge, in miƙe kamar na tafi, ya bari sai na kai rumfar mai tabarma sannan ya kira ni. Wata huɗu muna haka, na hau zuwa naira ɗaya da kobo ashirin, shi ya sauko naira biyu da kobo goma.

Sai ga wani maƙeri, hannunsa duk baƙin gawayi, an ba shi aikin awarwaron matar wani ɗan kwangila, yana neman azurfa mai kyau. Ya ji labarin liyarin, ya ce a fito da shi, naira uku zai biya nan take. Ina zaune a gefen tabarma, ina jin su. Baba ko aljihunsa bai taɓa ba.

“Akwai tayi a kansa,” in ji shi. “Ga mai tayin nan zaune. Ba a taya kaya a kan tayin wani.”

Maƙerin ya dube ni sama da ƙasa, ya ce wannan ɗan tsakon? Ya ce zai dawo, ya san yaro zai gaji, tsoho kuma zai so kuɗi. Ya tafi yana dariya.

Maganar maƙerin nan ta tsaya mini a rai. Da hankali ya ishe ni, da na gane abin da Baba ya yi a gabana ya isa ya kwantar mini da hankali. Amma tsoro ne ya cika ni, ina ta ganin matar nan mai ƙiba tana narkewa a wuta. Yayana yana aiki a tashar jirgin ƙasa, kuma a watan ne aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi, kowa na sayen rediyo da keke. Na bi shi kwana uku da naci, na wanke masa keke, na goge masa takalma, har ya gaji ya zaro naira uku ya ce in ba shi wuri.

Ban jira Asabar ba. Ranar Laraba bayan an tashi makaranta na sheƙa kasuwa da kayan makaranta a jikina, ko gaisuwar kirki ban yi ba, na ajiye takardun uku a kan farantinsa. Ya ɗauka ya kai kusa da ido, ya juya su, ya mayar ya ajiye.

“Alhaji, ai ba mu zo nan ba. Ka taya mana.”

“Babu tayi, Baba. Ga kuɗinka, ka ba ni kayana.”

Ya ɗan matsa a kan tabarmar. Ya ce in zauna tukuna, yau mai rogon ba ta wuce ba. Na ce sauri nake yi. Kunya nake ji in na tuna muryar da na faɗa da ita, irin ta wanda ya zo karɓar kayansa a hannun ɓarawo. Sai ya ɗauki naira biyu, ya tura mini ɗayar, ya ce kobo goman ya bar mini. Ya kwance tsumman a hankali, ya goge liyarin da bakin rigarsa, ya sa mini a tafin hannu ya ce ya sallama, Allah Ya sa albarka.

Na juya ina murna kamar in tashi sama. Ban yi taku biyar ba ya kira ni.

“Ranar Asabar fa?”

“Ai na riga na saya, Baba,” na ce.

Ya gyaɗa kai, ya ce haka ne, haka ne kuwa. Ya sunkuya yana gyara maɓallan da ke jere tun safe, ba abin da ya same su. Na ga fuskarsa sarai, na kuma gane, domin yaro ne ni amma ba jaki ba. Da na koma na zauna a kan tabarmar nan, da shi ke nan. Amma liyarin na hannuna, ina ɗokin in nuna wa yayana, sai na wuce.

Asabar ɗin ban je ba, don ban san da wace fuska zan zauna ba tare da abin tayawa ba. Ta gaba ma haka, kunya na ƙara nauyi. Da damina ta ƙare aka tura ni makarantar kwana. Hutun farko na sayi rogo da ƙuli da kuɗina na nufi layin 'yan koli, na tarar da mai sayar da batir da kaset a rumfar. Ya ce tsohon nan idonsa ya rufe gaba ɗaya, 'ya'yansa sun zo sun mayar da shi Katsina. Na tambaye shi ko ya san unguwarsu a can, ya ce bai sani ba.