Layin da Ya Kwanta a Jadawalina

Duk abin da zan manta a rayuwar aikina, ba zan manta ranar da wani siririn layi a kwamfuta ya kusa cinye abincin shekarar gidanmu ba.

Lokacin ban daɗe da kama aiki a wani ofishin kula da ruwa kusa da Tiga ba. Kaina na rawa, ko ɗaurin aure zan je sai na rataya kwamfuta. Aka ba ni bayanan kogin da ya bi ta bayan ƙauyenmu a ƙasar Tudun Wada, aka ce in fitar da jadawalin ambaliya, wato zanen da ke nuna cikar da ke zuwa kusan kowace damina da wadda sai an yi shekaru ba a gani ba. Na zuba abu biyu a ciki: yawan ruwan da ke wucewa, da tsayin da yake kaiwa a gaɓa. Lissafin yawan ruwa ɗaruruwa ne, tsayi kuwa 'yan mitoci. Da na ɗora su kan ma'auni ɗaya na gefen hagu, sai layin tsayi ya kwanta a ƙasa kamar tabarma. Ni kuma da wautata na ɗauka cewa komai cikar kogin, ba ya hawa gaɓa.

A cikin makon ne Baffa, ƙanen mahaifina, ya yanke shinkafa. Yana shawarar ko ya kwashe ta zuwa tudu, domin tarin yana ƙasa da saran tsamiya. Tsamiyar tana bakin fadama, kakanmu ne ya saba sara jikinta da gatari daidai inda babbar ambaliya ta tsaya. Na buɗe masa kwamfuta ina washe baki.

"Baffa, ka bar ta a nan ka buge abinka. Dubi layin nan, ko motsi ba ya yi."

Ya dubi tsamiya, ya dube ni. "To, ɗana. Kai ka yi karatun."

Ranar Litinin na kai wa shugabata aikin, wata injiniya mai ƙarancin magana. Kallo ɗaya ta yi masa.

"Ina ma'auninka na biyu?"

Ta karɓi linzamin kwamfutar, ta danna kan layin tsayi, ta zaɓi a ba shi nasa ma'aunin a gefen dama. Nan take layin ya miƙe yana hawa. Na bi shi da ido har ya wuce tsayin fadamar Baffa, kuma ba a ambaliyar da ake daɗewa ba a gani ba, a wadda ke yawan zuwa. Kamar da gangan, wani abokin aiki ya leƙo yana cewa tun asuba ake tafka ruwa a Doguwa da dajin Falgore, duk kuwa koginmu zai biyo.

Na kira wayar Baffa, ba ta shiga. Ban san yadda na hau babur ba. Tsoro irin na ranar ban taɓa jin sa ba, domin ba shinkafa kaɗai ke fadamar ba, matan gidanmu na can suna sheƙa. Ina tafe ina salati.

Da la'asar na isa. A ƙauyen ko ɗigo ba a yi ba, amma kogin ya koma ja, yana jan rassa, har ya fara lasar tamfol ɗin farko da aka tara shinkafa a kai. Na diro ina ihu a kwashe. Mata suka haura tudu, maƙwabta suka kawo amalanken shanu, muka shiga ɗiba ruwa na kai mana gwiwa. Mun tsira da mafi yawa. Tari biyu na can gefe kuwa muna kallo ruwa ya tafi da su.

Baffa bai yi mini faɗa ba, kuma da ya yi da na fi samun sauƙi. Da ruwa ya janye, ya kai ni gindin tsamiya, ya miƙo mini gatari.

"Sara inda ya tsaya," ya ce. "Bana kai za ka sara."

Na sara, ɗan yatsa biyu ƙasa da na kakanmu.

Tun daga ranar ba na ɗora abu biyu masu bambancin awo kan ma'auni ɗaya. Kuma na koyi cewa idan wanda ya yarda da kai ya ajiye abin da idonsa ya gani saboda maganarka, to wajibi ne ka sake duba maganar kafin ka furta ta.