Matar Mai Jirgi

Har yau idan tsofaffin unguwar Ɗan Iya suka zauna hirar da, sai an ambaci Sabitu Mai Jirgi, mutumin da ya riƙa tada ƙananan jiragen sama a Bauchi tun Turawa ba su tafi ba. Ana faɗin tsawonsa, ana faɗin kekensa, har launin hularsa akwai mai tunawa. Amma ka tambayi sunan matarsa, sai a yi ta kallon juna, can wani ya ce ai matar Mai Jirgi ake ce mata. Abin haushin ke nan, domin sunanta Habibatu, kuma babu jirgin da ya yi tashin kirki daga hannun Sabitu wanda ba yatsunta ne suka haɗa shi ba.

'Yar Hammajoda ce, wani Bafulatani da shanunsa suka ƙare ya zauna wajen Yelwa yana noma. A gidansu ta koyi saƙar faifai, ta koyi tsaga kaba siriri kamar zare, ta kuma saba da kallon sama tun daga wannan gefe har wancan babu abin da ya tare mata. Da aka aurar da ita ga Sabitu, makaniki a wani garejin gyaran motoci, sai aka kai ta babban gidansu na cikin gari, inda ƙanen mahaifinsa, wanda kowa ke kira Baffa, yake riƙe da gida. A gidan Baffa mace ba ta ƙetare zaure sai da dalili mai ƙarfi, kuma Baffa ne mai auna ƙarfin dalilin. Saman da ya rage wa Habibatu shi ne ɗan wanda katanga huɗu suka bari a tsakar gida.

Jirgi ya shigo gidan ne a cikin akwati. Wani Bature injiniya da Sabitu ya yi wa aiki zai koma ƙasarsu, ya bar masa zanen jirage a manyan takardu, da 'yan sandunan wani katako marar nauyi, da injuna biyu, ɗaya kamar babban yatsa, ɗaya kamar ƙwan kaza. Irin waɗannan jirage ba igiya, ba waya, ba matuƙi. Ka tada inji ka saki, shi ke nan hannunka ya fita. Mai kaɗan ake zuba masa, ya hau sama, man ya ƙare, injin ya mutu, jirgin ya yi ta kewayawa yana saukowa a hankali har ya taɓa ƙasa. Duk abin da zai yi a sama tun a ƙasa ake yanke shi, da nauyin hancinsa, da lanƙwasar jelarsa, da yawan man da aka ba shi.

Sabitu ya san inji, wannan ba a hana shi. Amma yatsunsa sun saba da ƙarfe, da ya kama haƙarƙarin fiffike sai ka ji ƙas. Bai ankara ba ya karya rabin katakon Bature. Wata rana ya tafi aiki ya bar tarkacen a kan tabarma, ya dawo ya tarar Habibatu ta haɗa fiffike guda, a miƙe, ba ko karkacewa. Da katakon ya ƙare ita ce ta ce a samo mata tukurwa. Ta riƙa fere cikinta da reza, tana mannawa da ƙaro, tana rufewa da tsofaffin ɗankwalayen siliki. Ita ke tatsar man zurman da ake haɗawa da kananzir da wani ruwa mai kaifin wari, wanda Zakka direba ke kawo musu daga Jos, a zuba wa injin.

Ita ta raɗa wa injunan suna, ƙaramin Sauro, babban Zanzaro, saboda kukansu idan an ɗaure su a jikin turmi ana gwaji. Da farko Sabitu ya ɗauka babban inji shi ne babban tashi. Ya ɗora Zanzaro a kan wani ɗan jirgi, ya tafi filin da ke bayan ganuwa ta yamma yana taƙama, ya dawo da jirgin a cikin hula. Wai jirgin ya miƙe tsaye, ya juya baya, ya caki ƙasa da hanci. Daga ranar Habibatu ce mai zaɓe. Sai ta ɗora jirgi a kan yatsu biyu, ta ɗan girgiza shi, ta ce wannan na Sauro ne, ko kuwa wannan fiffiken ya yi wa Sauro faɗi, ba zai iya jan sa ba. Ba ta cika kuskure ba.

To, ga inda abin yake da ciwo. Shekara da shekaru tana wannan aiki, ba ta taɓa ganin jirgi ɗaya a sama ba. Duk Lahadi Sabitu zai ɗaure jirgi a bayan keke ya fita, ita kuwa ta raka shi iyakar bakin shigifa ta tsaya. Idan ya dawo ta tare shi da ruwa, ta tambaye shi yadda aka yi, sai ya ce ya tashi. Ta ce yaya ya tashi, ta wane gefe ya karkata, ya ɗaga hanci ko ya sunkuyar? Sai ya ce ya dai tashi, mutane sun yi tafi, har wani akawu ya ba shi hannu. Mutum ya tsaya a ƙarƙashin abu tun safe, amma abin da ya gani tafin mutane ne. Dole ta koyi karanta tashin a jikin ɓarna, ta duba inda siliki ya yage, da gefen da ya kwaso ƙasa, ta yi ta lissafi a ranta kamar mai bin sawun ɓatacciyar saniya.

Ta roƙe shi ya kai ta ko sau ɗaya, ko daga nesa ta tsaya a gindin bishiya cikin mayafi. Sabitu ba mugu ba ne, da mugu ne ma da an san abin da za a ce da shi. Mutum ne mai alkawari da yawa. Bayan salla, bayan damina, bari Baffa ya warke, bari Baffa ya yi tafiya. Baffa kuwa ba ya tafiya.

Sau ɗaya abin ya zo mata har bakin ƙofa. Jelar wani jirgi ta bugu a hanya Sabitu bai lura ba, da aka sake shi bai kewaya ba, ya miƙe sak ya ƙetare ganuwa, iskar damina ta koro shi cikin gari ya maƙale a wata kuka kusa da unguwarsu. Matan maƙwabta duk sun gani, suka yi ta ba ta labari ta kan katanga. Ita tana cikin ɗaki tana ninke kaya. Ta yi kuka ranar, kukan takaici, ba ta kuma ɓoye ba. Amma ta riƙe abu biyu a ranta, cewa jela a miƙe ba ta kewayawa, kuma iskar damina daga wajen filin take busowa ta bi ta kan unguwarsu.

Da shekarar samun 'yancin kai ta zo, masu shirya biki suka aiko wa Sabitu cewa ana son jirginsa a filin nan na bayan ganuwa, bayan maci da wasan 'yan makaranta. Habibatu ta zauna ta ƙera wanda ya fi duk na baya, fiffikensa ya kai buɗin hannuwan babban mutum, ta rufe shi da siliki kore da fari. Sabitu ya so a sa masa Sauro, don yana tsoron kada wani abu ya sami Zanzaro a cikin taro, ga shi ba inda zai samu irinsa. Ta ce Sauro ba zai ɗaga wannan fiffike ko tsawon katanga ba, in ana son tashi sai Zanzaro. Ya yarda. Ya kuma yi mata alkawari, wannan karon da rantsuwa, domin an keɓe wa mata wuri a fili, kuma maƙwabciyarsu Cecilia, malamar makarantar 'yan mata, ta ce za ta biyo ta ɗauke ta. Habibatu ta yi lalle, ta yi kitso, ta fito da zanen da ba ta taɓa ɗaurawa ba.

Da safiyar ranar, Cecilia na zaure tana jira, Baffa ya kira Sabitu. Bai ɗaga murya ba, bai kuma rage ta ba, don ya san ana ji daga ciki.

"Na ji an ce iyalinka za ta fili."

"E, Baffa. An ware wa mata wurinsu daban."

"Turawa ne za su tafi, Sabitu, ba mutuncin gidan nan ba. Ka ba baƙuwa haƙuri."

Habibatu tana bayan ƙyaure tana jiran abin da mijinta zai ce. Kalma ɗaya take jira, ko da ta roƙo ce. Abin da ta ji shi ne, "To, Baffa." Gari duka ana kiɗa ana cewa an samu 'yanci, babban mutum mai gemu, wanda injin mota ke yi wa biyayya, ya kasa buɗe baki a kan tafiyar da ba ta kai nisan kasuwa ba.

Ya shigo yana kallon ƙasa, ya fara cewa wani karon. Ba ta bar shi ya ƙarasa ba, ta ce ya je ya yi wanka kada ya makara, za ta duba jirgin dubawar ƙarshe. Tana jin ƙarar ruwa ta durƙusa. Ta kama ɗan lanƙwasan jela da ke sa jirgi kewaya fili, ta miƙar da shi saura kaɗan. Ta zare ɗan bututun mai da ke ba inji abin da zai hau kawai, ta sa wani mai faɗi da ta ajiye. Ta san abin da take yi sarai. Jirgin da ta fi so ba zai dawo ba, Zanzaro ba zai dawo ba, kuma babu tabbacin iska za ta bi da shi ta inda take so. Ta naɗe jirgin a zane, ta ɗaure masa a bayan keke da kanta.

Da hantsi ya ɗaga ta ɗebi yankakkiyar kuɓewa a faifai, ta jingina tsani, ta hau soro. Shanya dai ba a hana mace, ko a gidan Baffa. Daga can ba a hango filin, ganuwa da bishiyoyi sun tare, sai ganguna da hayaniya ke zuwa. Ta baza kuɓewar, ta tattara, ta sake bazawa. Hayaƙin murhun maƙwabta yana kwantawa gabas, yadda take fata. Rana ta fara cizo, ƙafafunta suka yi zafi, ta fara tunanin ko Sabitu ya lura da jelar ya gyara.

Sai ta ji Zanzaro. Ta san kukansa a cikin kukan inji dubu, amma ba ta taɓa jin sa daga sama ba. Yana ƙaruwa, yana matsowa, ya wuce lokacin da ya kamata ya mutu bai mutu ba. Can ya yi tari biyu ya yi shiru. Ta miƙe tsaye, faifan ya zame ya faɗa tsakar gida, ba ta ko waiwaya ba.

Jirgin ya fito daga bayan wani rimi, can sama, yana tafe a hankali ba ko motsin sauti. Rana ta ratsa silikin, sai ga haƙarƙarin fiffiken duk sun bayyana, kowane ɗaya da ta fere da reza a kan tabarma. Ashe haka suke. Ashe jirgi idan iska ta taɓa shi yakan ɗan sunkuya ya gyara zama da kansa, ba wanda ya taɓa gaya mata. Ta lura yana ɗan jingina hagu, kaɗan, yadda ta daɗe tana zargi a duk jiragenta. Ya bi ta gefen gidan, inuwarsa ta gifta katangar maƙwabta, ya nufi duwatsun gabas yana ƙanƙancewa. Ta bi shi da ido har hawaye suka hana ta gani, ta share, ta sake nema, babu shi.

Sabitu bai dawo ba sai bayan la'asar, ƙafafun wandonsa duk ƙaya, ya bi gonaki da keke har ya gaji. A gari kuwa tuni labari ya bazu, wai jirgin Mai Jirgi ya ƙi sauka, ya tafi kai albishir. Sunansa ya ƙara tashi ranar, har Baffa aka ji yana ba baƙi labari a zaure, yana cewa ɗanmu. Shi dai Sabitu ya zauna a bakin ɗaki kamar wanda aka yi wa rasuwa. Ta kawo masa ruwa kamar kullum, amma ba ta tambaye shi komai ba. Shi ya fara magana.

"Habibatu, jirgin ya tafi. Da Zanzaro da komai. Ban san abin da ya same shi ba."

"Fiffiken hagu ya fi na dama nauyi," in ji ta. "Shekara nawa ina tambayarka, Malam, kana ce mini ya tashi."

Ya ɗago ya dube ta. Ya dubi tsanin da ke jingine, ya dubi kuɓewar da ta watse a ƙasa kaji na tsattsaga, ya dubi lallen hannunta. Kofin yana hannunsa bai sha ba. Sannan ya tambaye ta da ƙaramar murya, yadda ba za a ji a zaure ba.

"Yaya ya tashi?"

Ta jawo kujera ta zauna, ta fara ba shi labari tun daga bayan rimi.