Anti Mai Kafe Layin Sama

Kafin masu shara su gama da baranda, Anti ta riga ta iso ofis. Takan yaye ƙyallen da take rufe kwamfutarta da shi, ta ɗiga maganin ido, sannan ta jawo wata kujera kusa da tata. Aikinta buga takardu ne, kujerar nan ba ta cikin abin da aka ɗauke ta yi. Amma tun shekarar da aka kawo kwamfutoci, aka ce wa tsofaffin ma'aikata ko su koya ko su kama gabansu, kujerar ba ta ƙara yin sanyi ba.

Wanda ya fara zama a kanta Baba mai sito ne, dattijon da ke kula da ɗakin magunguna. An zuba masa kayan sitonsa kaf a jadawalin kwamfuta, sunayen na can a layin sama: magani, ranar shigowa, ranar lalacewa. Da ya gangara ƙasa sai layin ya ɓace, ya bar shi da tarin lambobi. A haka ya rikita ranakun, ya fitar da maganin da ya lalace, sai a bakin mota aka tare shi. Shugaban sashe ya ce masa saura kuskure ɗaya.

Anti ta same shi ya yanko takarda, ya rubuta sunayen da biro, yana liƙawa a saman gilashin kwamfutar.

"Baba, me kake yi haka?"

"'Yata, kan ne ke gudu. In na bi shi sama, ƙasa ta ɓace mini. Ni da na aurar da 'ya'ya, ga akwati yana wasa da ni."

Ba ta yi dariya ba. Ta ɗora hannunta a kan nasa, suka ja linzamin kwamfutar tare, ta nuna masa inda ake kafe layin sama. Ya gangara har ƙarshen jadawalin, sunayen na tsaye a inda suke. Ya koma sama, ya sake gangarowa. Sai ya cire hularsa ya goge fuska. Baba ya yi aikinsa har lokacin ritayarsa ya yi.

Bayansa aka yi ta zuwa: mai rajista, direban da aka mayar tebur saboda ciwon baya, matar da ke tsoron taɓa madannai kada ta ɓata kayan hukuma. Duk a lokacin cin abinci, nata na hucewa a kwano. Kowa da wannan darasin take fara masa, har sunan Mai Kafe Layin Sama ya bi ta.

Ke ce, Anti, uwar masu jin kunyar tambaya. Ke ce ba ki taɓa cewa "ai na gaya maka jiya" ba.

Waɗanda ta koya wa sun hau sama, wasu har da ofis mai labule. Ita tana teburinta na bayan ƙofa, harafi na ƙara dushewa a idonta. Da hukuma ta tashi yabon sashen saboda ya rungumi zamani, shugaban ne ya karɓi lambar yabon, ya gode wa kamfanin da ya sayar da kwamfutocin. Anti ce ta buga masa jawabin.

Da likita ya ce idon ba zai ƙara ɗaukar hasken gilashi ba, sai aka sallame ta. Ba taro, ba jawabi. Ta kwashe kofinta da maganinta a leda, mai gadi ne kawai ya raka ta bakin titi. Washegari aka ɗora tulun ruwan sha a kan teburinta.

Yanzu 'yarta ce ke karanta mata saƙonnin waya. Yawancinsu daga ofis suke, kuma ba na gaisuwa ba ne, tambayoyin kwamfuta ne. Rannan wani ya aiko da tasa, 'yar ta karanta ta ɓata rai.

"Mama, ko ya jiki bai ce ba. Kada ki amsa."

"Rubuta masa. In ya ɓata aikin, shi za a kora."

Mun gode, Anti, godiyar da ta makara, daga bakin mutanen da ba su kyauta miki ba. Wanda ya iya wani abu, ya jawo kujera kusa da tasa kamar yadda kika yi. Ku kuma da kuke da lambarta, gidan bai yi nisa ba. Ku je ku gaishe ta, ku bar tambayar a ofis.