Zauren da Yaya Hamidu ya ce ya cika

Shekara goma sha huɗu ke nan da muka kai Yaya Hamidu makwancinsa, kuma akwai maganar da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Ɗan kawuna ne, a gida ɗaya muka tashi a Zongo. Shi a aji huɗu ya bar lakwal, wato makarantar boko. Ni na yi ta tafiya har na dawo da difloma a ilimin kwamfuta, kaina ya kumbura, ba na jin maganar kowa.

A shekarun dubu biyu da 'yan kai, siber, wato shagon shiga intanet, shi ne kasuwa a Wagadugu. Wani Alhaji daga Nijar ya buɗe nasa a hanyar Bilbalogho, ya ɗauki Yaya ya riƙa kula da na'urorin. Da naci da wani yagaggen littafin Faransanci ya koyi aikin, kuma shi ya roƙa aka ɗauke ni.

Muna da babbar kwamfuta ɗaya da sauran duka suke rataye a kanta. Idan shago ya cika, sai ta fara kashe manhajoji ɗaya bayan ɗaya, tana kukan wuri ya ƙare. Mai rubuta wa ɗan'uwansa wasiƙa sai ya ga rubutunsa ya ɓace, ya tashi yana zagi da Mosanci. Na ce magani a fili yake: a sayo ƙarin memwar, wato ƙwaƙwalwar na'ura, a cusa mata.

Yaya ya girgiza kai. Ya ce, "Bashiru, duba da kyau, memwar na nan da fili. Zauren nwayo ne ya cika."

Nwayo shi ne jigon tsarin da ke tafiyar da na'ura, shi ke raba wa kowace manhaja wuri. A na'urorin wancan zamani adireshin da ake iya kira giga huɗu ne kacal, uku na manhajoji, ɗaya na nwayo. Yaya ya kwatanta shi da kakanmu mai masaukin baƙi, wanda makullin kowane ɗaki ke rataye a ɗan zaurensa. Ka ƙara ɗakuna, ka ƙara makullai, zauren kuwa bai ƙaru ba, har maigida ya rasa inda zai zauna. Shawararsa ita ce a rage wa na'urar kaya, a mayar da rabin aikin kan wata tsohuwa da ke kwance a kusurwa.

A gaban Alhaji da mutane na yi dariya. Na ce, "Alhaji, se fini, zamanin zaure ya wuce. Wannan ba hirar masauki ba ce, aikin masu takarda ne." Har yau ina jin muryata, kuma ina jin kunyarta. Yaya ya goge hannunsa da tsumma kawai. Kafin wata ya ƙare Alhaji ya ce mutum ɗaya ya ishe shi, kuma mai difloma ya zaɓa.

Na sayo memwar na cusa. Na'urar da ke faɗuwa sau ɗaya a wuni ta koma faɗuwa tun kafin azahar. Na yi mako uku ina bincike, na tarar da abin da Yaya ya faɗa a tsaye cikin minti biyu. Ranar wata Juma'a, mutane sun tafi masallaci, na zare abin da na ƙara, na tayar da tsohuwar na'urar nan, na raba aikin yadda ya ce. Komai ya lafa. Alhaji ya yi ta yabona a cikin Zongo, ni kuma na karɓi yabon.

Yaya ya koma gyaran rediyo a wata rumfa a Gounghin. Nakan je, ya sayo mini shayi, ya tambaye ni, "Yaya na'urarmu?" In ce lafiya lau. Sau nawa maganar ta zo bakina na haɗiye. Na ce sai ranar da ta dace, zazzaɓi na kwana biyar ya riga ni, ya tafi da shi.

Yau wayar da ke aljihuna ta fi waccan na'ura komai, kuma an faɗaɗa adireshin har ba wanda ke maganar giga ɗaya. Da yana nan, na san zai juya ta a hannu ya yi murmushi, ya ce zauren ya yi faɗi, amma tunda takan tsaya cak, akwai mai zuba kaya ba tsari. Ni ma abin da nake koya wa ɗalibaina ke nan, da misalin makullai, kuma ban taɓa cewa ga mai shi ba.

Watan jiya 'yarsa Rakiya, wadda ke karatun kwamfuta, ta same ni. Ta ce, "Baba Bashiru, wai da gaske ne Babanmu bai iya aikin ba aka sallame shi? Haka na taso ina ji." Na ce mata zan ba ta amsa, na kasa kallon idonta.

Rakiya, ga amsar a inda kowa zai gani. Mahaifinki ya fi ni sanin aikin. Ni na sa aka sallame shi, da shawararsa na gyara na'urar, kuma ya rasu ban faɗa masa ba. Allah ya jiƙansa. Memwar da na zare tana cikin akwatina, ki zo ki karɓa.